Neman shawara: na'urar kaset don ajiye bayanan ofis a Apapa

Mai tambaya: Assalamu alaikum jama'a. Muna da ƙaramin ofis a Apapa, aikin fito da kaya daga tasha muke yi, mu tara ne da kwamfuta bakwai da sabar guda (babbar kwamfutar da ke riƙe bayanan ofis) mai Windows. Takardun kwastan da rasidai da hotunan kwantenoni sun kai terabait 4. A watan jiya faifan da muke kwafe komai a kansa ya mutu, janareto ya tashi da ƙarfi ya tafi da shi. Allah ya taimaka sabar ba ta taɓu ba. Alhajinmu ya ce in nemo na'urar da ke ajiye bayanai a kaset, wai kaset ya fi daɗewa. An nuna min irin wannan na'ura samfurin LTO-6 ta hannu a kasuwar Computer Village, an kuma yi min maganar sabuwar LTO-8. Wacce zan ɗauka, kuma da wace manhaja?

Wani daga Ikeja: Wa alaikumus salam Malam. Fara da lissafi. Kaset ɗin LTO-6 terabait 2.5 yake ci, LTO-7 shida, LTO-8 kuma 12. Lambar da ake rubutawa a kwali, irin 30 ɗin nan a kan LTO-8, ta bayanan da aka matse ce, su kuwa hotuna da takardun da aka sikana ba sa matsuwa. Ka ga da LTO-6 sai kaset biyu kowane zagaye, wani ya tsaya yana canzawa. LTO-7 ce daidai da ku. In kun hau ta 8 nan gaba, tana karanta kaset ɗin 7, amma ba ta karanta na 6. Abin da masu sayarwa ba sa faɗa: yawancin na'urorin nan da wani irin mahaɗi mai suna SAS suke haɗuwa da kwamfuta, USB ba ya yi, sai ka sayi kati da waya daban. Duba ko sabar ɗinku tana da gurbin katin kafin ka ba da ko kobo.

Wata 'yar'uwa, akanta: Ni fa ban ga dalili ba. Kaset yana da araha, na'urar ce ke cin kuɗi. Terabait 4? Faifai uku na waje, ana juya su, ɗaya kullum yana gidan Alhaji. Ragowar kuɗin a sayi UPS mai kyau, wato na'urar batir mai riƙe wuta in an ɗauke, don matsalar wuta ce ciwonku na gaskiya.

Wani daga Agege: Hajiya ta yi gaskiya a kan UPS, ko kaset ɗin in wuta ta ɗauke yana tsakiyar rubutu aikin ya lalace. Amma takardun kwastan shekaru ake riƙe su, kuma kaset da ke cikin durowa ɓarayin intanet masu kulle fayiloli su nemi fansa ba su isa gare shi ba. Manhajar ajiya da ke zuwa da Windows Server ta daina aiki da kaset tun ta 2008, kada ka dogara da ita. Manhajar Veeam tana yi, ta fi sauƙin hannu. Bacula da Bareos kyauta ne, sai dai suna son wanda ya san Linux. In kwafe fayiloli kawai kake so, akwai wani tsari mai suna LTFS da ke sa kaset ya fito kamar faifai.

Sai maganar danshi. Shekara 30 ɗin da ake cewa kaset na yi, a ɗaki mai sanyi marar laima ne. Apapa a bakin ruwa, ga damina, takalmi ma fumfuna yake yi. A sa su a robarsu, cikin akwati mai rufuwa, a ɗaki mai AC. Ka haɗa da kaset ɗin wanke na'ura. Kuma duk wata ka ciro fayil ɗaya daga kaset ka buɗe shi da idonka.

Mai tambaya: Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na leƙa sabar, akwai gurbi ɗaya. Yallaɓai na Ikeja, in na samu LTO-7 na hannu, ta yaya zan gane ba a gajiyar da ita ba?

Wani daga Ikeja: Ka tafi da sabon kaset naka. A cika shi a gabanka, a dawo da fayilolin, ko zai ci rabin yini. In mai sayarwa ya ce sauri yake, bar masa kayansa.