Sabon Pokémon na cikar shekara 30: yaushe, a kan wace na'ura, kuma katun zai biyo shi?

Ɗan_Birni07:
Assalamu alaikum ƴan'uwa. Ranar 27 ga Faburairu 2026 Pokémon zai cika shekara 30, kuma ko'ina ana ta yaɗa cewa za a sanar da zubi na goma, wato sabon babban wasa mai sabuwar ƙasa da sabbin dabbobi. Wani ya turo hoton dabbobi uku a gurup ɗinmu na WhatsApp, ya ce su ne na farawa. Tambayoyina uku ne. Shin wasan zai fito a 2026 ɗin? Zai hau tsohuwar Switch ko sai Switch 2? Sannan katun ɗin, za su sake sabon labari tare da wasan, har Sacha, yaron da ya daɗe yana jan labarin, ya dawo? Masu sani ku taimaka, kar mutum ya zuba kuɗi a banza.

Malam_Zango:
Wa alaikumus salam ƙanena. Mu fara da abin da aka riga aka gani, don shi kaɗai ne ake iya jingina da shi.

Red da Green sun fito a Japan ranar 27 ga Faburairu 1996, shi ya sa kamfanin ya riƙe wannan rana ta zama ta sanarwa. Sword da Shield an nuna su 27 ga Faburairu 2019, suka shiga kasuwa 15 ga Nuwamba. Scarlet da Violet an nuna su 27 ga Faburairu 2022, suka fito 18 ga Nuwamba. Wata tara ke nan tsakanin gani da taɓawa. To amma kar ka ɗauki wannan a matsayin doka. Legends Z-A an sanar da shi a Faburairun 2024, bai zo hannu ba sai 16 ga Oktoba 2025. Wata ashirin.

Kuma lissafin shekara uku-uku da aka saba, wato 2013, 2016, 2019, 2022, ya riga ya karye, tunda 2025 ta wuce ba a ga sabon zubi ba. Ni a ganina Game Freak, masu ƙera wasan, sun ji zafin abin da ya faru da Scarlet. Ya sayu, kwafi miliyan 10 cikin kwana uku, amma hoto yana tsayawa, mutum ya faɗa cikin ƙasa, abin da ke nesa yana motsi kamar ana jan shi da igiya, har Nintendo ta fito ta ba da haƙuri. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Don haka sanarwa a Faburairu, wannan ina sa rai sosai. Fitowa a 2026 kuwa, ba zan sa ko dala a kai ba. Za su iya nuna suna da ƙasa da dabbobi uku, su rubuta shekara ta gaba a ƙarshen bidiyon, su bar mu da hamma.

A 2024 da 2025 an yi shirin sanarwar da ƙarfe 3 na yamma agogon Nijar. A 2026 ranar ta faɗo Juma'a, cikin azumi.

Hadiza_Manet:
Batun hoton WhatsApp ɗin nan, goge shi kawai. Kafin kowane zubi ana zuba irinsu ɗari-ɗari, yanzu kuma da na'ura ke zana hoto cikin minti ɗaya abin ya ƙara lalacewa. In hoton ya zo a karkace, an ɗauke shi daga fuskar wata kwamfuta, gefe ya yi duhu, da rubutun Japananci a ƙasa don a burge ka, to da gangan aka yi haka. Dubi rubutun da kyau, sau da yawa haruffan ba sa haɗa kalma. Abin da kowa ya sani shi ne ɗaya na ciyawa, ɗaya na wuta, ɗaya na ruwa, tun 1996 haka ake a farkon kowane sabon zubi, don haka mai ƙarya ba ya shan wahalar wannan ɓangaren.

Satar bayanai ta gaske an yi ta, Game Freak da kansu suka amsa a Oktoban 2024 cewa an shiga kwamfutocinsu. Daga nan ne yawancin jita-jitar ta samo tushe. Sai dai takardar cikin gida ta shekarun baya shiri ce kawai. Ana soke dabba, ana canza suna, ana ɗage lokaci. Mai cewa ya san komai daga can yana sayar maka da tsohon zance ne.

Abin da ya fi damuna ni shi ne faɗa. A Z-A babu jiran juna, kana gudu kana ba da umarni, kowane hari yana da ɗan lokacin hutawa kafin ka sake shi. Wasu na cewa haka zubi na goma zai zama. Ban yarda ba. Legends gefe ne da suke gwaji a kai. Gasar duniya a kan faɗan bi-da-bi take, kuma ba za su rushe ta ba. Mai ja yana iya cewa ai sun ware Pokémon Champions don gasa, na Switch da waya duka, don haka babban wasan ya sami sarari. Hujja ce, na amince. Amma sunan da ya ci shekara 30 da tsari ɗaya ba ya sauya shi dare ɗaya.

Kuma kar kowa ya sa rai duka dabbobi 1025 za su shiga sabon wasan. Tun Sword da Shield aka daina wannan.

Abba_Sabongari:
Ni zan tsaya a kan katun, don nan ne mutane ke ruɗewa.

Da, katun da wasa tafiya ɗaya suke. X da Y sun fito 12 ga Oktoba 2013, katun ɗinsu ya fara 17 ga wata. Sun da Moon: katun 17 ga Nuwamba 2016, wasa washegari. A 2019 kwana biyu ne tsakani. Sai Scarlet ya zo a Nuwamban 2022, sabon katun bai fara ba sai 14 ga Afrilu 2023, saboda sai da aka sallami Sacha tukuna. Ya ci kofin duniya a shirin Nuwamban 2022, aka rufe labarinsa a Maris 2023, bayan farawa tun 1 ga Afrilu 1997. Yanzu wata yarinya, Liko, da abokin tafiyarta ke riƙe da labarin, kuma ba sa bin ɗakunan gasa ɗaya bayan ɗaya kamar yadda wasa ke yi. Yawo suke a jirgin sama daga ƙasa zuwa ƙasa. Amfanin wannan ga masu shirin a fili yake: in sabuwar ƙasa ta zo, sai dai a juya akalar jirgin, ba sai an rushe komai ba. Ka ga yadda Mega, wato rikiɗar da dabba ke yi ta ƙara ƙarfi a faɗa, ta dawo cikin katun a 2025 tun kafin Z-A ya fito. Talla ce, an share wa wasan hanya.

To hasashena, sabbin dabbobin za su fara leƙowa ɗaya-ɗaya a katun kafin wasan. Sacha kuwa, in zai dawo, baƙo zai zo, shiri ɗaya ko biyu na bikin shekara 30. Yaron da ya riga ya zama zakaran duniya, me kuma zai nema?

Ka kuma tuna duk ranakun nan na Japan ne, a TV Tokyo. Mu da ke kallo da Faransanci sai an fassara, an ɗora murya, an sayar wa tashoshi. Watanni ne, ba makonni ba. In ba ka son a ɓata maka labari, rage leƙa TikTok a lokacin.

Malam_Zango:
Na manta batun na'ura, wanda shi ne mai cin aljihu. Z-A ya hau duka biyun, amma tsohuwar Switch ta 2017 ce, kuma an ga bambanci ƙarara da Scarlet ya sami gyara kyauta a Switch 2, ya koma hoto 60 a sakan. Zai yi wuya su sake ɗaure sabon zubi a jikin tsohuwa. Duk da haka kar ka saya yanzu. Jira bidiyon, a ƙarshensa ake nuna tambarin na'urar.

Lissafi: Switch 2 ta fito 5 ga Yuni 2025, a Faransa yuro 469,99. A canjin sefa 655,957 ya kama jika 308 da ɗoriya, ban da kuɗin kawowa da ribar ɗan kasuwa. Z-A na Switch 2 yuro 69,99, kusan jika 46.

In za a kawo maka daga Dubai ko Kano, ka ce a duba kwalin. Akwai samfurin da aka yi wa Japan kaɗai, mai araha, yen 49.980 a 2025, ba ya jin wani harshe sai Japananci, kuma asusun Japan kawai yake karɓa. Arahar nan ce tarkon. Katin ajiya ma, tsohon microSD ɗinka ba zai ɗauki wasa ba, sai mai rubutun Express. Sannan wasu kwalayen katin da ke ciki mabuɗi ne kawai, wasan sai ka sauke shi ta intanet, wanda da megan da muke saye a nan ba ƙaramin abu ba ne. Ana rubuta hakan a gaban kwalin, a ƙasa.

Hadiza_Manet:
A ƙara da zafi, Malam. Nintendo ta ce a yi amfani da ita tsakanin digiri 5 zuwa 35, mu kuwa a Damagaram Afrilu da Mayu sama da 40 muke kwana muna tashi. Kar a cusa mazauninta cikin kabad ɗin tele, a bar mata iska ta baya, a riƙa share ƙurar hunturu daga ramukan da busasshen burushi. In wuta ta ɗauke a cire filogi, don dawowarta ce ke ƙona caja. Batirin awa 2 zuwa 6 da rabi yake yi, wasa mai nauyi kuwa kusa da biyun zai tsaya.

Ɗan_Birni07:
Na gode yayyena, Allah ya ƙara sani. Hoton na goge. Saura abu ɗaya: dabbobin da ke cikin Violet ɗina, in na zuba su a HOME, manhajar ajiyar dabbobi, na kyauta za su ishe ni, ko sai na biya?

Abba_Sabongari:
Na kyauta akwati ɗaya ne, guda 30 kacal. Na biya kuwa a 2025 guda 6000 yake ɗauka. Zaɓi talatin ɗin da ka fi so ka ajiye, sauran ka bar su a Violet, babu inda za su je. HOME ma ba ya haɗuwa da sabon wasa ranar fitowa. Na Scarlet da Violet sai ƙarshen Mayun 2023 aka buɗe, wata shida bayan wasan.