Fentin Tsohon Jirgin Yaƙi: Ikon Mai Shi Ne Ko Haƙƙin Tarihi?

Ɗan Sabon Gari: Assalamu alaikum. Jiya muna zaune a Palladan, kusa da makarantar koyon tuƙin jirgi, wani ya nuna mana hoton jirgin Amurka samfurin P-38 na yaƙin duniya na biyu. Yana Salzburg a ƙasar Ostiriya, hannun masu kamfanin lemon Red Bull. An goge shi tas yana walƙiya, ga tambarin kamfani a jikinsa. Wasu suka ce an ci mutuncin tarihi. Ni kuwa na ce wanda ya zuba dukiyarsa ya tada mataccen jirgi shi ke da ikon fentinsa. Mai gingimari ma yakan sa a zana masa zaki a bayan mota.

Malamar Tarihi, Samaru: Wa alaikumus salam. Ƙanena, zakin gingimari ado ne. Fentin jirgin yaƙi kuwa da dalili ake yin sa. Ratsin baƙi da fari da aka shafa wa jiragen ƙawancen Amurka da Ingila dab da 6 ga Yuni 1944, ranar da sojojinsu suka sauka Normandi a Faransa, an yi shi ne don kada nasu su harbo su. Da burushi aka shafa, cikin gaggawa, har layin ba ya miƙewa. Jajayen wutsiyoyin jiragen matuƙan Tuskegee, baƙaƙen fatar Amurka, da su ake gane su a sama. In ka kankare irin wannan ka manna talla, me yaro zai karanta a jikin jirgin?

Tsohon Makaniki, Tudun Wada: Malama, ki yi haƙuri in shigo. Na daɗe ina taɓa ƙarfen jirgi. Aikin fenti na farko shi ne hana tsatsa cinye ƙarfe. Kuma jirgin da ke tashi yau, yawancin fatarsa da wayoyinsa an sauya su. Dubi Lancaster, jirgin jefa bam na Ingila: an ƙera 7,377, biyu kawai ke tashi, ɗaya a Ingila ɗaya a Kanada. Na Ingila a 1945 aka gama shi, bai taɓa jefa bam a yaƙin ba, amma rundunar sojin samansu da kanta takan sauya masa lamba da zane ya ɗauki kamannin wani jirgin. In masu abu sun yi haka, don me za a ɗaure hannun ɗan kasuwa?

Malamar Tarihi, Samaru: Baba, ai ba ɓoyewa suke yi ba. Sukan faɗi jirgin da ake kwaikwayo da mutanen da suka tashi a cikinsa, don rundunar masu jefa bam ta Ingila ta rasa mutum sama da 55,000 a yaƙin. Tunawa da mamata daban, sayar da lemo daban.

Ɗalibi, Kongo: Malama, fentin asalin ma ba ko'ina doka ke barin sa ba. A Jamus an hana nuna alamar 'yan Nazi, shi ya sa tsofaffin jiragen yaƙinsu na Messerschmitt ke tashi can babu ita a wutsiya.

Malamar Tarihi, Samaru: Gaskiyarka, kuma kowa ya san dalilin cire ta. Abin da ke tada min hankali yana nan gida. A gidan tarihin yaƙi na Umuahia akwai jiragen yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, har da ƙananan jiragen nan irin waɗanda Von Rosen ɗan Suwidin ya kai hari da su a Mayun 1969 yana goyon bayan Biyafara. A ce wani ya mallaki irinsa ya shafa masa alamar sojin saman Najeriya don ta fi masa kyau. Ya sauya wa jirgi ɓangare kenan, alhali akwai waɗanda iyayensu suka mutu a yaƙin nan suna raye.

Ɗan Sabon Gari: Irin wannan fentin kam ni ma ban yarda da shi ba, Malama, ƙarya ce. Amma tambarin kamfani bai yaudari kowa ba. Ba don kuɗinsu ba, wa zai sake jin ƙarar injin P-38 ɗin?

Tsohon Makaniki, Tudun Wada: Yarona, ni roƙona ɗaya ga duk mai gyara. Kafin ya kankare, ya bi fentin a hankali, shafi bayan shafi, yana ɗaukar hoto. A ƙarƙashin sabon fenti ake samun tsohuwar lamba, wani lokaci har da sunan da matuƙi ya rubuta da hannunsa. In aka sa inji aka goge, ba mai dawo da shi.