Ta ina ake fara wasan kwaikwayo a gidan gyaran hali?

Ɗan Kusugu, Daura:
Assalamu alaikum. Ƙungiyarmu ta masu wasan daɓe na son fara koyar da wasan kwaikwayo a gidan gyaran hali, irin tsofaffin wasanni masu nauyi, ba barkwanci kaɗai ba. Wa ake nema izini, mutum nawa ake ɗauka, kuma wane wasa ya dace? Masu sani a taimaka.

Tsohon Gandiroba, Katsina:
Wa alaikumus salam, Malam. Takarda za ku rubuta wa Kwanturolan hukumar gyaran hali na jiha a Katsina, da sunayen masu shiga da jerin kayan da za ku riƙe. Ku ambaci dokar 2019 wadda ta mayar da hukumar gidajen yari ta zama ta gyaran hali, domin gyaran shi ne hujjarku. In izini ya fito, ku zauna da shugaban gidan da jami'in walwala da liman. Kada ku tsallake liman. In ya ji labarin a bakin wasu, rabin mutanenku za su janye.

Inda aka fi faɗuwa shi ne zaɓen mutane. Mafi yawan waɗanda ke tsare masu jiran shari'a ne: yau yana nan, gobe an ba da belinsa, ko an kai shi kotu, ko an sauya masa gida, ko Babban Alƙali ya zo ziyara ya sallame shi. Saboda haka manyan matsayi a ba waɗanda aka yanke wa hukunci, masu sauran aƙalla shekara guda, kowane matsayi kuma mutum biyu su haddace shi. Masu jiran shari'a su shiga amshi da taron jama'ar gari, inda rashin mutum ɗaya ba ya rusa wasa. Mutum 12 zuwa 15 sun isa. Kada a bar shugabannin ɗakuna su yi zaɓen, yaransu kawai za su turo.

Sau biyu a mako, awa ɗaya da rabi, da hantsi, a tashi kafin azahar. Ku fara da hunturu, don zafin Afrilu ba ya barin atisaye a fili. Ba ƙarfe, ba igiya, ba kwalba, ba waya. Takardun ma a ɗinke su da zare. Kuma kada ɗayanku ya karɓi saƙon kowa zuwa waje, ko da gaisuwa ce a rubuce. Sau ɗaya aka kama, shirin ya mutu.

Malamar Adabi:
Yallaɓai ya gama da tsaro, bari in taɓa zaɓen wasa. Tsohon wasa ya fi sabon da aka rubuta kan laifi da nadama, domin yana ba mutum damar yin magana kan cin amana da fushi da mulki da bakin wani, ba tare da an tone nasa asirin ba. A kurkukun tsibirin Robben fursunoni sun yi wasan Antigone na Girkawa, Nelson Mandela ne ya fito a sarki Creon. A Kentucky ta Amurka kuwa tun 1995 ake koya wa fursunoni wasannin Shakespeare.

Amma ku a Daura kuna da naku a ƙofar gida: Bayajida da Daurama da macijin rijiyar Kusugu. Baƙo ya iso da dare, ya nemi ruwa, aka ce sai Juma'a. Kowa ya san labarin, don haka ƙarfinku zai tafi kan wasan, ba kan bayani ba. A rage shi zuwa minti 40. Takobi na kwali, rijiya kuma mutum shida su durƙusa a da'ira, maciji a yi shi da zani da mutum uku a ciki.

Da yawa ba sa karatun boko amma suna da ajami, kuma sun saba da hadda tun makarantar allo. A rubuta musu da ajami, a biya layi-layi suna amsawa. Matsayin mace shi ne mai wuya, tunda maza da mata a rabe suke, kuma duk wanda ya ɗaura zani sunan zai bi shi har ɗaki. Daurama ta yi magana daga bayan labule ta bakin Sanƙira, kamar yadda aka saba a fada.

Mai Kula da Walwala:
Ina tare da Malama, sai dai kada a gaggauta raba matsayi. Makonni huɗun farko a yi su kan tsayuwa da ɗaga murya da sauraron juna. Kada a tambayi kowa laifinsa. Fitowar faɗa ko kisa a yi ta a farkon zama, a bar minti 15 na ƙarshe don hira da addu'a, domin bayan kun tafi su ɗaki za a kulle su da abin da wasan ya tayar musu. Ranar nunawa a fara yi wa 'yan gidan, baƙi daga baya, kuma ba hoton fuskar kowa sai da izinin hukuma da amincewarsa.

Ɗan Kusugu, Daura:
Allah ya saka da alheri. Kiɗa fa, za a bari a shiga da ganga?

Tsohon Gandiroba, Katsina:
Wannan ya rage ga shugaban gidan, ku sa ta a jerin kayan tun farko. In ya hana, tafa hannu da buga bokitin roba sun wadatar.