Musayar Baitoci: Mai Shirin Tafiya Madagaska

Ɗan Malumfashi:
Salama gare ku, 'yan'uwa cikin Almasihu,
Na ɗaura niyyar tafiya Madagaska.
Tsibiri ne babba gabas da Mozambik,
Bishara zan kai, kayana na ɗauka.
An ce suna tono ƙasusuwan kakanni,
Su yi rawa da su. Jama'a, wannan ba hauka?

Baba Wusasa:
Ɗana, Allah ya yi wa niyya albarka,
Amma ja linzami, ka tsare bakinka.
Gonar da za ka je da iri a aljihu,
Tun 1818 ake ta yi mata shuka.
'Yan mishan Jones da Bevan suka sauka Toamasina,
Zazzaɓi ya kwashe Bevan da iyalinsa duka.
Jones ya hau Antananarivo a 1820,
Sarki Radama ya ce: buɗe makarantarka.
A 1835 Littafi Mai Tsarki ya cika da Malagasi,
A shekarar Sarauniya Ranavalona ta ce ba haka.
Ta hana sujada, 'yan mishan suka watse,
Masu bi suka koma addu'a a kogo da bukka.
Rasalama, a 1837, da mashi aka kashe ta
Saboda sunan wannan Ubangijin naka.
Ba Bature, ba kuɗi, ikilisiya na ta ƙaruwa,
Jikokinsu za ka koya wa jimiri da bakinka?

'Yar Maraɗi:
Baba ya gama tarihi, ni hanya zan faɗa,
Yaya, Janairu zuwa Maris guguwa ke sauka.
Motar haya ba ta tashi sai ta cika maƙil,
Ka kwana a hanya, buhu a kan cinyarka.
Shinkafa safe, shinkafa rana, shinkafa dare,
Manta da tuwo, kar ka bar gidan sauronka.
Shanunsu masu tozo ne irin na Fulani,
A Morondava kuwa ka sha kallon kuka.
Kowane gari da abin da ya haramta, fady suke ce masa,
Kar ka nuna kabari da ɗan yatsanka.

Ɗan Malumfashi:
Baba, na rusuna, ƙanwata na gode,
Amma batun ƙasusuwan bai bar ni haka.
In na ga ana yi, shiru zan yi ke nan?

Baba Wusasa:
Famadihana ne, al'adar mutanen tudu,
Sabon likkafani suke wa kakanni da kaka.
Fastocinsu sun daɗe suna gardama a kai,
Wasu na zuwa, wasu sun ce kada ka taka.
Ni ma ban yarda a roƙi matacce albarka ba,
Amma ɗan gida ya fi iya faɗa, ba irinka.

Malam Maƙwabci:
Ni Musulmi ne, na leƙo ku ba ni wuri,
A Mahajanga kiran salla zai tashe ka.
Ƙabilar Antemoro na da ajaminsu, sorabe sunansa,
In ka gamu da su, ka gaishe su da ladabinka.

Ɗan Malumfashi:
To, na ɗage tafiya sai watan Yuli,
Zan rubuta wa FJKM, ikilisiyar can, Baba, da yardarka.
Batun kabarin dai ban sauka ba tukuna,
In na dawo, za mu sake, ka shirya baitinka.