Murjanina ya tsuke, yashi ya koma ruwan ƙasa

Abu Hanan, Kaduna: Assalamu alaikum 'yan uwa. Wata guda ke nan da haɗa tankin kiwon kifin ruwan teku mai lita 200. Na saka kifi biyu da murjani mai laushi (halittar teku mai rai), irin zoanthid. Da farko sun buɗe gwanin sha'awa, yanzu duk sun tsuke, wata dauɗa ruwan ƙasa ta lulluɓe yashi da gilashi. Ma'aunin gishirin ruwan yana nuna 1.029, zafi kan kai digiri 30 da rana. Da ruwan burtsatse nake haɗawa, in ya ragu in cika da ruwan gishiri. Wane magani zan zuba?

Baban Ilham: Wa alaikumus salam. Malam, kada ka zuba komai tukuna. Ruwa ne kawai ke tashi ya bi iska, gishirin yana nan bai je ko'ina ba, kai kuma kullum ƙara masa kake. Cikon yau da kullum da zallan ruwa ake yi. Ka dawo da shi 1.025 ko 1.026, amma a hankali cikin kwanaki, don sauyin gaggawa yana da illa.

Maman Khalifa: Ba ka faɗi amoniya da naitirait ba, gubar da ke taruwa a ruwa daga kashin kifi. Ka gwada kuwa? Ƙwayoyin bakteriya da ke mayar da su naitiret mai ƙarancin illa sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin su zauna. In amoniya da naitirait ba su nuna sifiri ba, ka rage abinci, ka canza kashi 10 cikin 100 na ruwan duk mako. Dauɗar nan kuwa kusan kowane sabon tanki sai ya yi ta. Irin gansakuka ce, silika (sinadarin yashi) take ci, ruwan burtsatse kuma bai rasa ta. Ka nemi injin tace ruwa na RO, mai cire sinadaran da suka narke a ciki.

Injiniya: Ni zafin ne ya fi tsorata ni. A jikin murjani akwai wasu 'yan tsirrai da ke ciyar da shi ta hanyar haske. Zafi ya daɗe a 30, sai ya furzar da su ya yi fari fat. Ka tsaya a 25 zuwa 26. Ƙaramar fanka a saman ruwa tana taimakawa, sai dai ciko zai ƙaru. Sannan ka ɗora famfon juya ruwa a kan inbata. A ɗauke wuta dare guda ruwa ya tsaya, iskar shaƙa ta ƙare, an gama.

Abu Hanan: Allah ya saka da alheri. To kalsiyam fa? An ce in sayi na ƙari.

Baban Ilham: Ajiye kuɗinka. Kalsiyam 400 zuwa 450 ppm, alkaliniti (ƙarfin ruwa na hana tsami) wajen 8 a ma'aunin dKH, gishirin kirki zai ba ka su, murjani mai laushi kuma ba ya shan su sosai. Abin da ba ka gwada ba kada ka zuba. Kuma ka sa safar hannu in za ka taɓa zoanthid, wasu na da mugun dafi, kada ruwansu ya shiga ido.