Windermere da yara uku da tsohuwa mai ciwon gwiwa: wa ya taɓa zuwa?

Maman 'Yan Biyu, Manchester:
Assalamu alaikum jama'a. Shawara nake nema. Yara sun samu dogon hutun nan na sati shida, kwana goma kacal da farawa har sun fara hawa min kai. Ga surukata ta zo daga Katsina ganin jikoki, tun da ta sauka ba ta ga komai ba sai bangon gida da babban kanti. Maigida ya ce mu kai ta Windermere, can arewacin Ingila wajen tafkunan nan. Yaran uku ne, 'yan biyu masu shekara 7 da autarmu mai shekara 3. Hajiya kuma gwiwa ta matsa mata. Don Allah wanda ya je da iyali ya faɗa min abin da ya gani da idonsa. Hotunan intanet duk rana ce tarwai a ciki, ni kuwa na san halin ƙasar nan.

Baban Gida, Bradford:
Wa alaikumus salam. Sau uku muna zuwa, bari in fara miki da wautar da na tafka a zuwan farko. Windermere sunan tafkin ne, sunan gari ne kuma, amma garin da tashar jirgin ƙasa take ba a bakin ruwa yake ba. Na bakin ruwa Bowness ake ce masa, kusan mil ɗaya da rabi daga tasha, gangare zalla. Da safe muka gangara a ƙafa muna ta raha. Da yamma fa sai ga hawa, yaro ɗaya a wuyana, ɗaya yana jan wandona, uwargida ta daina yi min magana. Jirgi ya tafi ya bar mu. Da Hajiya a tare, kada ku soma. Ku hau bas mai lamba 599, mai benen nan da samansa ba rufi, tana bi ta tasha ta sauka Bowness, tana zuwa har Ambleside da Grasmere.

In da mota ne, daga Manchester wajen mil 80 ne. Ku bi babbar hanyar M6, ku fita a mahaɗa ta 36. Ku bar gida ƙarfe bakwai. Wanda ya isa da hantsi a watan Agusta, zagayen neman wurin fakin ne zai cinye masa rabin yini.

Anti Mai Kula, Bolton:
'Yar'uwa, abin da suke kira bazara a can daminarmu ce sak, sai dai babu ƙamshin ƙasa. Mun bar Bolton da rana ƙwal, na yi kwalliya da leshi da takalmi mai tsini saboda hoto. Muna isa hadari ya sauko kan duwatsu, aka fara yayyafin nan mai naci wanda ba ya tsayawa, ba ya kuma yin ƙarfi balle ka ce ka fake. Lema ba ta yi min komai ba, iska ta juye ta sau biyu. Kowa ya tafi da rigar ruwa, yara da kayan canji cikakke har safa. Hajiya kuma suwaita a ƙarƙashin mayafi, ko da ta ce ba ta so.

Ɗalibi a Lancaster:
Anti ta yi gaskiya. A yankin nan ne akwai wani ƙauye, Seathwaite, da ruwan da ke sauka masa a shekara ya haura milimita 3,000, yana cikin wuraren da suka fi ko'ina ruwa a Ingila.

Ni nan kusa nake, duk baƙon da ya zo daga gida can nake kai shi, har na haddace jiragen. Tafkin shi ne mafi girma a Ingila cikin waɗanda ba mutum ya haƙa ba, tsawonsa mil goma da rabi, da tsibirai 18 a ciki. Daga Bowness jiragen sun kasu launi-launi. Ja yana yin arewa zuwa Ambleside, kamar rabin awa. Rawaya yana yin kudu zuwa Lakeside, kamar minti 40. Shuɗi zagayen tsibirai yake yi ya dawo inda ya tashi. Maman 'Yan Biyu, rawaya zan ce ku hau, don a Lakeside kuna sauka ga gidan kallon kifaye, ga jirgin ƙasa mai tururi da ke zuwa Haverthwaite, mil uku da 'yan kai, duk a wuri guda. Hajiya ba za ta yi taku hamsin ba. Ku jira babban jirgi, akwai zaure mai rufi da shayi da banɗaki a ciki. Ɗayansu, Tern, tun 1891 yake kan ruwan nan. Kawuna da ya ji haka sai ya ce shi ba zai shiga abin da ya girmi kakansa ba, sai da muka jira Swan, na 1938, wai wannan yaro ne.

Malam Mai Lissafi, Leeds:
Ɗalibi, kai mutum ɗaya kake saya wa tikiti. Ni mu bakwai ne. Jirgin ruwa, jirgin ƙasa, gidan kifi, askirim sau biyu, kafin la'asar aljihu ya yi fayau. Shekarar da ta biyo baya na canza dabara, muka wuce Fell Foot, wani fili mai ciyawa a ƙarshen tafkin ta kudu, yana kallon Lakeside. Kuɗin fakin kawai na biya. Muka shimfiɗa tabarma, yara suka yini suna jifan ruwa da tsakuwa suna ɗaga wa jirage hannu. Wallahi da na tambaye su wacce shekara ta fi, wannan suka zaɓa. Brockhole ma, tsakanin Windermere da Ambleside, akwai babban filin wasan yara da lilo da wurin hawa. Lokacin da muka je ba mu biya kuɗin shiga filin ba, sai masu son tafiya kan igiya a saman bishiyoyi ne ke biya.

Ɗalibi a Lancaster:
Malam, na ji, amma a ɗauko tsohuwa tun daga Katsina a zaunar da ita kan ciyawa? Ai akwai ciyawa a Manchester.

Malam Mai Lissafi, Leeds:
Idan ka yi aure mu sake wannan magana.

Anti Mai Kula, Bolton:
Ku bar musu, ku zo ga abinci, don nan ne ake kuka. Ni ban dogara da kowa ba. Dafa-duka a kula, soyayyar kaza, dambun nama, cincin, shayi a fulas biyu. Sau ɗaya na ce bari yara su ci kifi da dankalin da kowa ke layi a kai. Allah ya sa na tambaya, yarinyar shagon ta ce ƙullun da suke tsoma kifin da giya ake kwaɓa shi. Ba ɓoyewa suke ba, in kin tambaya za su faɗa miki. Abu biyu za ki tambaya: ko akwai giya a ƙullun, da kuma da wane mai ake suya, don wasu da kitsen dabba suke yi.

Sannan agwagin Bowness. Farare ne manya masu dogon wuya, da dinya, da tsuntsayen teku, duk sun saba da mutane har sun raina su. Ɗaya ta miƙo wuya ta fizge cincin daga hannun ƙaramina, ya yi ƙarar da sai da Turawa suka waiwayo. Ki riƙe autarki da kyau a wurin.

Ma'aikaciyar Jinya, Preston:
Ni magana ɗaya ce ta kawo ni, kuma ba ta wasa ba ce. Ruwan nan sanyi gare shi ko da rana ta buɗe, kuma a wani wurin zurfinsa ya haura mita 60. Wanda ya faɗa ruwa mai sanyi kwatsam, numfashinsa ne ke fara ƙwacewa, ko da gwanin iyo ne. Yaranmu da yawa a wurin wanka mai ɗumi suka koya, ba ɗaya ba ne. In za ku hayi kwale-kwale, kowa ya sa rigar ceton da za a ba shi, har baban da ke cewa a kogi ya girma. Kuma idan zafi ya yi kwanaki, wata irin gansakuka mai kore-shuɗi takan taso a kan ruwan, tana sa ƙaiƙayi da ciwon ciki. In kun ga allon gargaɗi, ko kun ga ruwan kamar an zuba masa koren fenti, ko ƙafa kada yaro ya tsoma. Da kun dawo gida ki duba bayan gwiwarsu da hammata, akwai kaska a ciyawar da tumaki ke kiwo.

Baban Gida, Bradford:
Na manta da sallah. Ni dai ban ga masallaci a Bowness ba. Darduma da buta ba sa fita daga but ɗina. Tafiyar ta wuce mil 48, don haka ƙasaru muke yi, mu sami gefen da ba mutane a kan ciyawa. Ba wanda ya taɓa ce mana uffan. Sai dai ku lura da agogo, a ƙarshen Yuli rana ba ta faɗuwa sai bayan tara na dare. Kana ganin haske ka ɗauka da sauran lokaci, ashe jirgin ƙarshe ya daɗe da tashi.

Bamaraɗe, Sheffield:
Ni abin da ya tsaya min a rai ba ruwan ba ne. Daf da tashar jirgin ƙasa ta Windermere akwai hanyar hawa wani tudu, Orrest Head, minti ashirin zuwa talatin da yara. Daga sama tafkin gaba ɗaya yana shimfiɗe, ga duwatsu a bayansa. Amma ni tumaki na tsaya kallo. Ba makiyayi, ba sanda, katangar dutse ce kawai da aka jera ba siminti ta raba gona da gona. Akwai irin nasu na yankin, Herdwick, a haife su baƙaƙe, suna girma suna yin fari-fari kamar furfura. Na ɗauki hoto na tura wa babana a Maraɗi, tambayarsa ɗaya: to wa ke gadinsu da dare? Maman 'Yan Biyu, 'yan biyun za su iya hawan, Hajiya dai ta zauna a ƙasa. Duk ƙofar gonar da kuka buɗe ku mayar ku rufe, suna jin haushin wannan sosai.

Maman 'Yan Biyu, Manchester:
Jama'a mun je mun dawo ranar Asabar, Allah ya saka da alheri. Baban Gida, mun makara, tara saura muka fita, mun kuwa sha zagayen fakin. Anti, an yi ruwan, sau biyu ma, rigunan sun yi rana. Cincin dai agwagwa ba ta samu ba, don a jaka na ɓoye shi har muka shiga jirgi. Malam Mai Lissafi ka yi haƙuri, shawarar Ɗalibi muka bi, kuma maigida ya ce in gaya maka baɗi tabarma zai ɗauka.

Hajiya da farko cewa ta yi ba za ta shiga ba. Ta tsaya bakin gadar katakon tana addu'a, layi ya taru a bayanmu, sai da 'yan biyu suka kama hannayenta ɗaya nan ɗaya nan. Ta zauna can ciki nesa da taga, carbi a hannu. Ba a yi minti goma ba na waiwaya ban gan ta ba. Ashe ta fita waje inda iska take, da gwiwar tata da komai, suwaitar da ta ƙi sawa a gida tana jikinta, ta kira ƙanwarta a Katsina ta bidiyo tana juya waya tana cewa, "Kin ga ruwa? Duk wannan ba mai ɗiba, ba mai wanki." A jirgin ƙasa mai tururi kuma ƙamshin kwal ya tuna mata jirgin Kano zuwa Nguru da ta hau tana yarinya, ta yi ta ba yara labari har Haverthwaite. Orrest Head ba mu samu hawa ba, auta ta yi barci tun biyar.

Bamaraɗe, tumakin naka mun gan su a hanya. Hajiya ta sa maigida ya rage gudu, ta ƙare musu kallo, ta ce a tambayo mata nawa rago ɗaya yake kaiwa in layya ta matso.