Neman sassan inji masu kama da na gaskiya don ƙananan motocin haɗawa

Mai buɗe zance: Assalamu alaikum, 'yan'uwa. Ina haɗa ƙaramar Jaguar E-Type mai ma'aunin 1/24 (wato motar gaske ta ninka ta sau 24 a tsawo), kuma burina shi ne in bar bonet a buɗe, sai dai injin da ya zo cikin kwalin bai gamsar da ni ba. Kafiretocin dunƙulen roba ne kawai, babu wayoyin fulogi, fambel kuwa kaurinsa ya wuce misali. Ina roƙon duk wanda ya taɓa neman irin waɗannan sassa ya gaya mana yadda ya samo na ƙwarai, da yadda ya tabbatar sun dace da motar.

Wani dattijo da ya daɗe a harkar: Wa alaikumus salam. Ɗana, kafin ka sayi komai, ka fara tsayar da shekarar motar da kuma kasuwar da aka ƙera ta dominta, domin suna ɗaya yakan rufe injuna daban-daban. E-Type ta farko tana da kafireta uku ƙirar SU, amma waɗanda aka kai Amurka daga 1968 biyu ne ƙirar Zenith-Stromberg, saboda dokar hayaƙi ta can, kuma murafun saman injin sun tashi daga masu santsi zuwa masu zane-zanen layi. Na ga irin wannan lokacin da nake haɗa Datsun 240Z. Mai sayarwa ya rubuta cewa injin da yake tallatawa na motar ne, alhali S20 ne mai kafireta uku, wanda aka sa wa Fairlady Z432 ta kasuwar Japan, ita kuwa 240Z L24 take da shi mai kafireta biyu. Aikin sassaƙar ya yi kyau ƙwarai, amma ba nata ba ne, don haka na bar masa kayansa. Abin da na fi dogara da shi shi ne littafin gyara na kanikawa, domin zanensa yana nuna inda kowace waya da kowane tiyo suka bi. Hotunan motocin gwanjo suna taimakawa wajen launi, sai dai da yawansu an sake gina su, kuma mai mota yakan sa abin da ransa ke so, ba abin da masana'anta ta sa ba.

Mai haɗa motocin Amurka: Maganar Baba gaskiya ce. Ni yawancin sassana daga wasu kwalaye nake ciro su, domin wani kwalin jikinsa bai yi kyau ba amma injinsa ya fi na kowa. Abin lura shi ne ma'auni. Cikin kamfanonin da ke yin kwalayen, AMT da MPC 1/25 suke yi, Tamiya da Hasegawa da Fujimi kuwa 1/24, kuma bambancin kusan kashi 4 cikin 100 ne. A kan kafireta ɗaya ido ba zai kama shi ba, amma a kan inji sukutum da giyabos yana iya hana bonet rufuwa.

Akwai kuma abin da ke tona asirin inji nan take ga wanda ya san mota. Ƙaramin injin V8 (mai silinda takwas) na Chevrolet, wanda ya fito a 1955, distiributarsa a baya take, ta ƙaramin V8 na Ford kuwa a gaba. Idan za a ja wayoyi, jerin tashin wuta a silindojin Chevrolet ɗin shi ne 1-8-4-3-6-5-7-2, kuma nakan bi shi waya bayan waya ko da babu mai ƙirgawa, domin shi ke sa wayoyin su gitta juna yadda suke yi a motar gaske. A injin 426 Hemi na Chrysler kuwa, ta tsakiyar murfin bawul wayoyin suke shiga.

Wata mai aiki da sassan rezin (wani nau'in roba mai tauri da ake zubawa a mazubi ko a buga da firintar 3D): Malam mai tambaya, abin da ya fi amfanata shi ne lissafi. Wayar fulogi ta gaske kaurinta milimita 7 ne ko 8, idan aka raba da 24 sai a sami kusan milimita 0.3. Siririyar wayar lantarki da mutane da yawa suke amfani da ita takan kai milimita 0.5 tare da rigarta, wato a motar gaske ta zama milimita 12, shi ya sa wasu injunan suke fitowa kamar an ɗaura musu tiyon ruwa. Haka kafiretar Weber: lambar da ke cikin 40 DCOE ko 45 DCOE faɗin maƙogwaronta ne a milimita, saboda haka a 1/24 ta 45 ba ta kai milimita 2 ba. Nakan nemi mai sayarwa ya auna min sashen ya turo hoton abin da ya buga da gaske, ba zanen kwamfuta ba, domin zanen kullum tsaf yake, amma abin da firintar 3D ta fitar yana iya zuwa da layi-layi ko ramukan da suka toshe. Na taɓa karɓar wasu kafiretoci da aka kwafo daga na wani, sun ƙanƙance kuma kawunan notunan sun shafe. Idan rezin ya iso, a wanke shi da sabulu kafin fenti, a manna shi da supa gulu domin gam ɗin roba ba ya kama shi, a kuma jiƙa samfefa kafin a goge saboda ƙurarsa tana cutar da huhu.

Wani sabon shiga: Yaya, na gode da wannan lissafin. Nawa kwalin ma babu inji a ciki sam, an zubo bonet haɗe da jiki, kamar yadda ake yi wa kwalayen Japan da dama. Na sayi injin Nissan RB26 na rezin, sai na tarar dole in yanke bonet ɗin, in kuma gina bangon ɗakin inji da mazaunin lagireto da farantin roba da hannuna.

Dattijon ya ƙara da cewa: Haka ne, kuma shi ya sa nake gwada inji a mazauninsa da tef kafin fenti ya taɓa shi. Game da siraran farantan ƙarfe da ake fitar da siffarsu da sinadari kuwa, ra'ayina ya bambanta da na masu yabonsu a ko'ina. Suna da kyau ga ragar lagireto da sandunan totur da maɗaurin tiyo, domin waɗannan a motar gaske ma sirara ne. Amma fuli da kan noti abubuwa ne masu kauri, kuma farantin yakan bar su a shimfiɗe, don haka a wurinsu na fi son alminiyon da aka gurza a injin juyi ko rezin mai kyau. Fambel kuwa nakan yanke na kwali in bar fulin, sannan in zagaya su da siririn baƙin tef da na tsaga daidai faɗin ramin.